Jinyar Sassauci: Tambayoyin da Masu Jinya da Ɗaliban Aikin Nas Suka Fi Yi

Waɗannan tambayoyi kullum sai sun dawo, wasu daga bakin 'yan uwan mara lafiya a barandar asibiti, wasu daga ɗalibai a makonsu na farko na dutin dare. Na tara su wuri ɗaya, na amsa da abin da bincike ya tabbatar da kuma abin da idona ya gani a bakin gado. Maganar adadin magani kuwa, wannan ta likitan da ke duba mara lafiyarku ce.

Mece ce jinyar sassauci?

Kulawa ce da ake yi wa mai cuta mai tsanani wadda ke barazana ga rayuwarsa, domin a rage masa azaba, shi da iyalinsa. An fi alaƙanta ta da cutar daji, amma ta shafi ciwon ƙoda da ya yi nisa, da ciwon zuciya, da na hanta, da shanyewar ɓarin jiki, da ƙanjamau, da tarin fuka mai bijire wa magani. Yara ma suna cikinta. Ma'anar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2002 ta ce a gano ciwo da wuri, a auna shi da kyau, a magance shi tare da sauran matsaloli na jiki, na zuciya da zamantakewa, da na imani. Ta kuma faɗa a fili cewa ba a nufin gaggauta mutuwa, ba a kuma nufin jan ta.

Likita ya ce a kira masu jinyar sassauci. Ke nan an fid da rai da Baba?

A'a. Na san inda tsoron ya fito, domin da yawanmu mun taɓa jin an ce wa iyali “ku kai shi gida, sai addu'a,” aka sallame su ba ko ƙwayar maganin ciwo. Wannan yasar da mutum ne. Jinyar sassauci tana iya tafiya tare da maganin cutar kanta: ana yi wa mutum gashin cutar daji (kansa) ko wankin ƙoda, ana kuma kula da ciwonsa da barcinsa da fargabarsa.

A 2010 Dokta Jennifer Temel da abokan aikinta a babban asibitin Massachusetts da ke Boston a Amurka suka wallafa bincike kan mutum 151 masu kansar huhu da ta riga ta bazu. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Duka suna karɓar maganin kansa, amma kashi ɗaya an haɗa musu da masu jinyar sassauci tun daga farko. Waɗannan sun fi jin daɗin rayuwarsu, baƙin ciki mai danne zuciya ya fi ƙaranci a cikinsu, kuma tsaka-tsakin abin da suka rayu ya kai wata 11.6, ɗaya kashin kuwa wata 8.9. Ajali na Allah ne, kuma ba duk binciken da suka biyo baya ne suka ga irin wannan tazarar ba. Abin da ya yi ta fitowa a cikinsu shi ne sauƙin rayuwa. Saboda haka idan an yi muku tayin wannan kulawa da wuri, ku karɓa.

Daga ina wannan fanni ya faro?

Daga hannun wata nas. Cicely Saunders 'yar Ingila ta fara da aikin jinya, ciwon baya ya raba ta da shi, ta koma aikin walwalar marasa lafiya, daga baya ta karanta likitanci. Daga 1958 ta yi aiki a gidan jinya na St Joseph's da ke Landan, tana rubuta bayanan marasa lafiya sama da dubu, tana naɗar muryoyinsu a rikoda. A nan ta nuna cewa idan aka ba da maganin ciwo a kan lokaci, tun kafin ciwon ya dawo, mutum yana zama cikin hayyacinsa ba tare da azaba ba. Ita ce kuma ta kawo fahimtar cewa ciwo dunƙule yake: zogin ƙashi, da tunanin wa zai riƙe yara, da bashin asibiti, da tsoron haɗuwa da Ubangiji, duk suna ƙara wa juna wuta. A 1967 ta buɗe St Christopher's a kudancin Landan, inda aka haɗa jinya da koyarwa da bincike.

A Afirka, Island Hospice ta fara a Harare a 1979. Dokta Anne Merriman, wadda ta yi shekaru tana aikin likita a Najeriya, ta kafa Hospice Africa Uganda a 1993. A Najeriya, asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen wannan kulawa a 2007, bayan doguwar fafutukar Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta.

Mutum nawa ne ke buƙatarta?

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce kimanin mutum miliyan 56.8 a kowace shekara, miliyan 25.7 daga cikinsu suna shekararsu ta ƙarshe. Wajen kashi 14 cikin ɗari ne kawai ke samu.

Da ake cewa akwai ƙa'idoji, wa ya kafa su, kuma ta yaya mu iyali za mu gane ana bin su?

Hawa-hawa ne. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri cewa ƙasashe su shigar da wannan kulawa cikin tsarin lafiyarsu tun daga matakin farko, ba sai manyan asibitoci ba. Ƙungiyar jinyar sassauci ta Afirka, APCA, wadda aka kafa a 2004 mai hedikwata a Kampala, ta fitar da nata ƙa'idojin da suka yi la'akari da ƙaramin asibitin ƙauye da kuma babban asibitin koyarwa. Daga nan kowace ƙasa da kowane asibiti su tsara nasu.

Ku ba sai kun karanta ko ɗaya ba. Ku lura da ɗakin. Ana tambayar mara lafiya ciwonsa a kowane duti, ana rubutawa? Bayan an ba shi magani, wani yana dawowa ya ji ko ya yi aiki? Ana juya shi, ana duba bakinsa, ana tambayar yaushe rabonsa da bayan gida? An zaunar da ku an yi muku bayani da harshen da kuke ji? Ranar sallama an nuna muku yadda za ku ci gaba a gida, da wanda za ku kira in abu ya rikice cikin dare? Inda ake yin waɗannan, ƙa'ida tana aiki ko da babu takardarta a bango. Amma ku duba amsar da ke ƙasa kan abin da ya faru a Ingila, domin ita ma ƙa'ida tana iya zama illa.

Mene ne ainihin aikin nas a nan? Ba likita ne ke yanke komai ba?

Likita yana zuwa zagaye ya wuce, nas ce ke nan ƙarfe biyun dare. Ita ke fara ganin cewa goshin ya tattare, ko numfashi ya canja, ko an bar kwanon kunu yadda aka kawo shi. Virginia Henderson, wadda ma'anarta ta aikin jinya ta zagaye makarantun duniya tun shekarun 1960, ta sanya taimakon mutum ya cika cikin natsuwa a cikin asalin aikin nas, kafaɗa da kafaɗa da taimakonsa ya warke.

Bincike ma ya gwada hakan. Marie Bakitas, ita ma nas ce, ta jagoranci gwaji kan mutum 322 masu kansa da ta yi nisa a karkarar arewa maso gabashin Amurka, aka wallafa a 2009. Ƙwararrun nas-nas ne ke bibiyarsu, galibi ta waya. Jin daɗin rayuwarsu da kwanciyar hankalinsu sun ƙaru, ko da yake kwanakin da suka yi a asibiti ba su ragu ba. Wannan ya kamata ya ja hankalinmu, mu da marasa lafiyarmu ke zaune nesa da asibiti amma kusan kowane gida akwai waya. Yuganda kuma ta yi abin da ya fi wannan ƙarfin hali: a 2004 ta gyara dokarta, ta ba nas-nas da jami'an lafiya da aka yi wa horo na musamman damar rubuta mofin, wato maganin ciwo mai ƙarfi, saboda likitoci ba za su taɓa isa kowane ƙauye ba.

Ta yaya ake auna ciwo, alhali ba a ganin sa?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka maganar mara lafiya ita ce ma'auni na farko. Ana ce masa ya ba ciwon lamba daga 0 zuwa 10, ko ya nuna da yatsun hannu daga 0 zuwa 5, ko ya zaɓi hoton fuskar da ta yi kama da yadda yake ji. Ga jarirai da waɗanda ba sa iya magana akwai ma'aunai da ke duba fuska, da motsin ƙafa, da kuka ko nishi, da ko mutum yana lallasuwa.

Sai dai mu muna da wata matsala tamu. Ka ce wa Bahaushe “ya jiki?” zai ce “da sauƙi, alhamdu lillahi,” ko da ya kwana yana cizon zani. Gaisuwa ce ya amsa, kuma ya yi daidai. Na taɓa jinyar wata dattijuwa da ta yi kwana uku tana ce mini da sauƙi, ni kuma ina rubutawa. Ran na huɗu na ja kujera na zauna, na jira surukinta ya fita, na ce, “Hajiya, jiya da dare kin runtsa kuwa?” Ta yi shiru, can ta ce rabonta da barci tun kafin a kawo ta, kamar ana soka mata allura mai zafi daga ƙugu zuwa tafin ƙafa. Ashe ciwon jijiya ne, wanda yake son wani magani daban a kan wanda muke ba ta. Kwana ukun nan laifina ne. Tun daga ranar nake koya wa ɗalibai su gama gaisuwa tukuna, sannan su yi tambayar aiki: ina ne wurin, zogi ne ko suka ko ƙuna ko murɗa, me ke tayar da shi, ya hana barci, ya hana sujada? Kuma a kula da wanda ke tsaye a ɗakin, domin kunya tana rufe baki fiye da dauriya.

An rubuta wa mahaifiyarmu mofin. Ba zai kama ta ba? Ba shi ne ke ƙarasa mutum ba?

Tsoron nan yana da dalili. Mun ga abin da kodin da tiramadol suka yi wa matasanmu, har gwamnatin Najeriya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. Amma mai shan kwalba don ya yi maye daban yake da mai kansar ƙashi da ake auna wa magani daidai ciwonsa, ana kuma bibiyarsa. Jaraba a irin wannan hali ba kasafai ake ganin ta ba. Jiki dai yana sabawa, shi ya sa ba a tsayar da shi farat ɗaya, sai a hankali. Ba kuma maganin ranar ƙarshe ba ne: akwai masu shan sa watanni suna zuwa kasuwa. Abin da ya jawo masa baƙin suna shi ne jinkirta shi har sai mutum ya kai gargara, a ba shi yau ya cika gobe, a ce maganin ne.

Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin tsani mai hawa uku, daga irin su farasitamol zuwa masu ƙarfi irin mofin, da sharaɗin a ba da ta baki in zai yiwu, kuma bisa agogo. Ruwan mofin na sha yana aiki wajen awa huɗu, saboda haka kowace awa huɗu ake ba da shi ba tare da jiran ciwo ya dawo ba, da ɗan ƙari na musamman idan ciwo ya ɓarke a tsakani. Wanda ya ce “bari sai ta yi kuka” ya rushe tsarin gaba ɗaya.

Abin da za ku sa wa ido: taurin bayan gida kusan dole ne, kuma ba ya wucewa da kansa, don haka a rubuta maganin sassauta ciki tun ranar farko. Tashin zuciya da gyangyaɗi sukan zo a kwanakin farko su lafa. In kuwa ba ta tasuwa daga barci, ko numfashi ya yi jinkiri ƙwarai, ko jiki na fizga, ku dakata da na gaba ku kira ma'aikaci nan take. Mai ciwon ƙoda yana buƙatar taka-tsantsan na daban, domin maganin yana taruwa a jikinsa. A ajiye kwalbar a kulle, mutum ɗaya ke riƙe da makulli da littafin rubuta lokaci.

To me ya sa ake shan wuyar samun sa?

Ba tsada ba ce, garin mofin yana cikin magunguna masu araha. Kwamitin da mujallar Lancet ta kafa ƙarƙashin Felicia Knaul ya bayyana a 2017 cewa cikin tan 298.5 na wannan ajin magani da ake rabawa a duniya a shekara, tan 0.1 kacal ke isa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Yarjejeniyar duniya ta 1961 kan miyagun ƙwayoyi ta ɗora wa ƙasashe nauyi biyu, hana fasa-ƙwauri da kuma tabbatar da samuwar magani don jinya, amma da yawa na farkon kawai suka riƙe. Sai aka shiga zagaye: likita na tsoron rubutawa, kantin magani ba ya odar abin da ba a rubutawa, ƙasa kuma ta aika ƙiyasin buƙata ɗan kaɗan. Yuganda ta karya wannan da dama garin da ruwa a cikin gida, a zuba a kwalabe, a sa masa launi gwargwadon ƙarfinsa don kada a rikita.

Ya daina cin abinci. Mu matsa masa? A sa masa ƙarin ruwa?

Wannan ce tambayar da ta fi sa iyali kuka, domin a wurinmu ciyarwa ita ce ƙauna. Da farko a duba abin da ke gyaruwa: farin ƙurajen baki, tashin zuciya, taurin ciki, ko ciwon da ba a danne ba. In an kawar da waɗannan kuma cutar ta kai matakin ƙarshe, jiki ne da kansa ya daina neman abinci. Ɗura a wannan lokaci tana kawo amai da shaƙewa, abinci ya bi hanyar huhu. A miƙa masa cokali biyu na abin da ransa ke so, farau-farau ko kankana, in ya kau da kai a ƙyale shi.

Game da ƙarin ruwa, Dokta Eduardo Bruera da abokan aikinsa sun gwada a Amurka kan mutum 129 masu kansa da ke kusa da ƙarshe, aka wallafa a 2013. Wasu lita ɗaya a rana, wasu mililita 100 kawai. Ba a ga bambanci a sauƙin alamomi ko tsawon rai ba. Binciken bai haɗa da waɗanda ruwan jikinsu ya ƙare ƙaf ba, don haka mai gudawa ko amai mai yawa hukuncinsa daban. Abin da ke kashe ƙishi a wannan mataki shi ne kula da baki: a jiƙa auduga ko tsumma mai tsabta a goge harshe da dasashi a kai a kai, a ɗiga ruwa kaɗan in yana iya haɗiya, a shafa man kaɗanya a leɓe. Aikin nan na fi so in damƙa wa 'ya ko matar mara lafiya, domin hannun da ya saba ba shi abinci ya sami abin yi.

Gyambon kwanciya da warin rauni fa?

A riƙa juya shi kamar kowace awa biyu, a duba ƙugu da gindin baya da dugadugai da kafaɗu. A fatarmu ja ba ya nunawa sosai, sai a nemi wurin da ya yi duhu, ko ya yi ɗumi, ko ya yi tauri. Kada a murza wurin. A sa matashi tsakanin gwiwoyi, a ɗage dugadugai daga katifa, kada a bar shi kwance a kan leda tsirara ko jiƙaƙƙen zani. A sa'o'in ƙarshe, in juyawar tana ba shi azaba, jin daɗinsa ke gaba.

Raunin cutar kansa mai wari kuwa yana kore mutane daga ɗaki, kuma mara lafiya yana lura. Ƙwayoyin cuta marasa son iska ne ke kawo warin. A wanke da ruwan gishiri mai tsabta, sannan da izinin ma'aikaci a niƙa ƙwayar Flagyl a barbaɗa a kai. Cikin 'yan kwanaki jikoki sukan dawo bakin gado. Turaren wuta shi kaɗai ba ya yi, kuma hayaƙinsa yana takura mai haki.

Mu gaya masa gaskiyar cutarsa, ko mu ɓoye?

Yawancin marasa lafiya sun riga sun sani, suna yin shiru ne don su tausaya muku. Ƙa'idar aiki ita ce a fara jin abin da ya fahimta, a tambaye shi ko yana son bayani ko ya wakilta wani, sannan a ba shi gwargwadon abin da ya nema, kaɗan-kaɗan. Ba a tilasta masa ji, ba a kuma yi masa ƙarya. Akwai mai bashin da yake son biya, da mai wasiyya, da mai neman gafarar ɗan uwan da suka yi shekaru ba sa ga maciji. Ɓoyewa tana ƙwace masa wannan dama.

Ƙa'ida da kanta tana iya cutarwa?

Ƙwarai. A ƙarshen shekarun 1990 aka tsara wata takardar bi-da-bi a Liverpool domin a kai irin kulawar gidajen jinya cikin asibitocin Ingila. Niyyar mai kyau ce, ta kuma bazu ko'ina. Amma a wurare da yawa ta koma cike gurbi da biro: a ɗora mutum a kanta ba a gaya wa iyalinsa ba, wasu a hana su ko kurɓin ruwa. Kwamitin Baroness Julia Neuberger ya bincika, a Yulin 2013 ya ce a janye ta, aka kuwa janye. A 2014 aka maye gurbinta da abubuwa biyar: a gane cewa mutum ya kusa cikawa kuma a riƙa sake dubawa, a yi magana da shi da iyalinsa, a sa su cikin shawara, a tallafi iyalin, a tsara kulawa ta wannan mutumin shi kaɗai. An bazu da takardar ne tun ba a gwada ta da ƙwaƙƙwaran bincike ba, ba a kuma horar da ma'aikata yadda ya kamata ba. Duk mai shirin kwafo fom daga waje ya fara da karanta wannan tarihi.

Me za mu gani a sa'o'in ƙarshe, kuma me za mu yi?

Barci zai yawaita, hannu da ƙafa su yi sanyi, fitsari ya ragu, numfashi ya riƙa tsayawa yana dawowa. Kakarin da ake ji a maƙogwaro yawu ne da ya kasa haɗiyewa, kuma ya fi damun masu saurare a kan shi kansa. A kwantar da shi a gefe, a goge bakin, kada a zura bututu can ciki. Idan haɗiya ta gagara, ba a daina maganin ciwo, hanya ake canja masa. Game da oksijin, wani gwaji kan mutum 239 da aka wallafa a 2010 ya nuna cewa ga wanda iskar jininsa ba ta yi ƙasa ba, bai fi iskar ɗaki rage haki ba. Buɗe taga da fifita a fuska da mafici suna taimakawa, don haka kada ku sayar da gona saboda tukunyar oksijin kafin a auna.

A rage cunkoso, a bar waɗanda yake so. A ɗauka yana ji, kada a yi maganar gado ko likkafani a kansa. Musulmi a fuskantar da shi alƙibla in ba zai wahala ba, a laƙƙana masa kalmar shahada a hankali ba tare da matsawa ba. Kirista a kira masa fastonsa da wuri. Nas ta ja labule, ta rage ƙarar na'ura, ta tsaya kusa.

Ni ɗaliba ce, ina son yin bincike a wannan fanni. Daga ina zan fara?

Ki fara da ma'aunin da aka riga aka gwada a Afirka. APCA tana da guda mai tambaya goma, bakwai ga mara lafiya, uku ga mai jinyarsa, kowace daga 0 zuwa 5, kuma an inganta shi a Yuganda da Afirka ta Kudu. Yana tambayar ciwo, da damuwa, da ko mutum ya sami wanda zai buɗe wa cikinsa, da ko zuciyarsa a kwance take, da ko iyali sun sami bayani. In za ki yi amfani da shi da Hausa, ki tuna da matsalar “da sauƙi” da na faɗa a sama: a fassara, wani daban ya mayar da shi Turanci, a gwada da mutane kaɗan tukuna. Ki nemi izinin kwamitin ɗa'a, ki taƙaita tambayoyi, domin mai haki ba zai iya hirar awa guda ba, kuma ki sa rai wasu za su rasu kafin ki gama.

In wannan ya yi miki nauyi, ga ƙarami. Ki ɗauki fayil hamsin na ɗakin da kike aiki, ki ƙirga nawa ne aka rubuta lambar ciwo a dutin dare, nawa aka koma aka sake aunawa bayan magani, nawa ne masu shan mofin aka haɗa musu da maganin sassauta ciki. Ki kai wa shugabar ɗaki sakamakon ba tare da sunan kowa ba, ku yi shawarar gyara guda ɗaya, bayan wata uku ki sake ƙirgawa.